Akurkin kaji shida a bayan gida: awo, katako, raga da wuraren da aiki ke ɓaci

Akurkin da ke kashe kaji ba lallai ne ya rushe ba. Sai ka gan shi tsaye da ƙyaurensa da kwaɗonsa, amma ƙasansa a jiƙe, iskar cikinsa ba ta motsi, ga kuma wata 'yar kafa a kusurwa da yatsu biyu za su shiga. Danshi da rashin iska da kafa su ne ke cin kaji a bayan gida, kuma duka ukun a ranar awo ake maganinsu, tun ba a sayi ƙusa ko ɗaya ba. Akwai na huɗu da ba a cika sa shi a lissafi ba, wato akurkin da mai shi ba ya iya shiga ya share. Duk inda sai an durƙusa an miƙa hannu cikin duhu kafin a kwashe kashi, to kwashewar ba za ta ɗore ba, komai kyan niyyar mutum.

Za mu ɗauki kaji shida masu ƙwai mu yi misali da su, saboda lissafinsu ya dace da tsawon katako da faɗin raga da aka saba samu. Mai son goma sha biyu sai ya ninka girman filin sau biyu.

Lissafin fili

Akurki kashi biyu ne: ɗakin kwana mai bango, da farfajiya mai raga inda kaji ke wuni. A ɗakin kwana kowace kaza tana son kashi ɗaya cikin uku na murabba'in mita ko ɗan fiye, a farfajiya kuma murabba'in mita guda. Ɗaki mai mita 1.2 da mita 1.8 ya ba da murabba'in mita 2.16, ya ishi shida. Farfajiya mai mita 1.8 da mita 3.6 ta kusa murabba'in mita shida da rabi. Idan aka haɗa su ƙarƙashin rufi ɗaya, ginin gaba ɗaya zai ci mita 1.8 a faɗi, mita 4.8 a tsawo.

Kada a rage wannan awon. Kaji idan suka matsu sai su fara tsigar gashin juna, kuma da zarar jini ya fito a jikin ɗaya, sauran ba sa barinta. Kashi ma yana taruwa fiye da yadda shimfiɗa za ta iya shanyewa. Idan fili ya yi kaɗan, yawan kajin ake ragewa.

Kafin a kafa komai a bincika dokar wurin da ake zaune. Wasu garuruwa suna ƙayyade yawan kajin da za a ajiye a gida da tazarar akurki daga katangar maƙwabci, wasu kuma sun hana zakara saboda cara. Wannan ba asara ba ce ga mai neman ƙwan ci, don kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Ƙyanƙyasa ce kawai ba za a samu ba.

Inda za a kafa shi

Hanya mafi sauƙi ta zaɓen wuri ita ce a fita bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi a duba inda ruwa ya kwanta da inda ya bi. Wurin da ya fara bushewa shi ne wurin akurki. Idan filin duk shimfiɗaɗɗe ne, a yi ciko da ƙasa da tsakuwa ya ɗaga santimita 15 zuwa 20, a daɓe, a yi masa ɗan gangare zuwa waje. Idan akwai rijiya, akurkin ya kasance a ƙasa da ita ta fuskar gangare, da tazarar mita 15 ko fiye in fili ya yarda.

A ƙasashe masu zafi, tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma. Da haka rana za ta bi ta kan rufin, ba ta leƙowa ta dogayen gefuna biyu sai kaɗan. Ɗakin kwanan kuma a sa shi a ƙarshen gabas: ya sha hantsi ya bushe, ya tsira daga ranar la'asar wadda ke gasa katako daidai lokacin da kaji ke shirin shiga barci. A inda sanyi ne matsala, akasin haka ake nema, a buɗe wa rana gefe ɗaya mai faɗi, a juya wa iskar sanyi bango. Inuwar bishiya tana da amfani, amma reshen da ya sauko kan rufi gada ce ga muzuru da ɓera, kuma tsuntsayen da ke kwana a kai suna zubo kashi.

Kada a manna akurki da katanga. A bar aƙalla santimita 60 da mutum zai iya ratsawa, in ba haka ba wannan lungun zai zama gidan ɓera da ba wanda ke leƙawa.

Ginshiƙai da ƙasa

A kafa turaku huɗu a ja igiya, sannan a tabbatar kusurwoyin sun daidaita. Daga kusurwa a auna santimita 90 a igiya ɗaya, santimita 120 a ɗayar. Idan tsakanin alamomin biyu ya ba da santimita 150 cif, kusurwar ta yi daidai. A ƙarshe a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, kowanne ya ba da kusan mita 5.13. Wanda ya tsallake wannan zai gane kurensa a kan rufi, lokacin da kwano ya ƙi bin katako.

Ginshiƙai goma ake buƙata, biyar a kowane dogon gefe, tazarar mita 1.2 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, da ƙarin ɗaya na ƙofar farfajiya. Katako mai kauri santimita 7.5 ko 10 kowace fuska ya isa. Na gefe mai tudu su tashi mita 2.2 daga ƙasa, na ɗaya gefen mita 1.8, a ƙara wa kowanne rabin mita da zai shiga rami. Wannan tsayin domin mutum ne, don ya shiga da tsintsiya da shebur ba tare da ya sunkuya ba, kuma shi ke nisanta zafin kwano daga kan kaji.

Ramin ya yi zurfin santimita 60. A zuba tsakuwa santimita 10 a gindinsa don kada ƙasan katakon ya zauna cikin ruwa, a tsayar da ginshiƙin, a duba miƙewarsa ta fuska biyu, a tokare shi, sannan a zuba kankare: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Saman kankaren ya ɗan fi ƙasa tsayi, a yi masa tudu yadda ruwa zai gangare daga jikin katako. A ba shi kwana uku kafin a ɗora nauyi, ana yayyafa masa ruwa. Inda gara ta yi yawa, bututun ƙarfe ya fi katako, ko kuma a shafe sashen da zai shiga ƙasa da maganin gara. Baƙin mai da wasu ke shafawa a tsaya da shi a ƙasan ginshiƙi kawai, kada ya shiga ɗakin kwana ko sandar da kaji ke takawa.

Daɓen ɗakin kwana a ɗaga shi santimita 60 daga ƙasa. Wannan tsayin yana ba kaji inuwa a ƙarƙashi, yana ƙara musu fili, yana kuma kawo daɓen kusa da hannun mai shara. Abin da ba a so shi ne ɗagawar santimita 10 ko 20: kaza ba ta shiga, tsintsiya ba ta kai, ɓera ne kaɗai ke jin daɗin wurin. A gitta katako mai santimita 5 da 10, wanda kafintoci ke kira tu-bai-fo, kowane santimita 40, a shimfiɗa filawud mai kaurin milimita 18 a kai. A shafe shi da fenti mai mai sau biyu ko a manna masa ledar daɓe guda ɗaya marar haɗi, saboda katakon da ya sha ruwan kashi ba ya sake rabuwa da wari. Bango kuwa filawud mai milimita 12 ya wadatar.

Rufi

Bambancin santimita 40 tsakanin dogon ginshiƙi da gajere yana ba da gangaren kusan digiri 12, wanda ya ishi kwano ya zubar da ruwa. A ɗora tu-bai-fo biyar masu tsawon mita 2.8, ɗaya a kan kowane ginshiƙai biyu masu fuskantar juna, a gitta musu tu-bai-tu, wato katako mai santimita 5 da 5, kowane santimita 60. Kwanon ya zarce bango da santimita 45 ta kowane gefe. Nan ne ake yawan yin rowa, alhali wannan zarcewar ce ke hana feshin ruwa shiga ta raga. A fara jera kwano daga ƙarshen da iska ke nufa, a dawo zuwa inda take fitowa, yadda bakin kowane haɗi zai ba iska baya. Haɗin ya hau tudu ɗaya da rabi, ƙusa kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba.

Rufin nan ya kai murabba'in mita 16. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama yana sauke lita ɗaya a kan murabba'in mita, ke nan ruwan milimita 20 zai zubo lita 320 daga bakin kwanon, duk a layi ɗaya a gindin raga. In ba a sa indararo an kai ruwan nesa ko cikin durom ba, farfajiyar da aka rufe don ta bushe za ta jiƙe daga gefe.

Kwano tsirara yana zafi ƙwarai. A shafa wa samansa farin fenti, a yi wa ɗakin kwana silin na siririn katako ko tabarma da tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakaninsa da kwanon, a bar bakin tazarar a buɗe amma da raga. Farin soson nan da ake tare zafi da shi, in za a sa, a rufe shi da katako ruf, don kaji suna tsattsage shi su haɗiye.

Iska

A nan mafi yawan masu gini ke kuskure, kuma tausayi ne ke jawo shi: ana tsoron kada kaji su ji sanyi sai a toshe ko'ina. Zafin jikin kaza yana kusa da digiri 41 a ma'aunin Selshiyos, tana sanye da gashi, kuma ba ta gumi. Ta baki take fitar da zafi, shi ya sa ake ganinta tana haki da fukafukai a buɗe. Ta fi sakewa tsakanin digiri 18 zuwa 24, kuma da zafi ya haura 30 sai cin abinci ya ragu, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Babbar kaza mai lafiya ta fi jure sanyi a kan zafi nesa ba kusa ba, muddin tana bushe kuma iska ba ta bugunta kai tsaye.

Sai maganar danshi. Kashin kaza kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, kowace kaza tana yin fiye da giram 100 a rana, kuma kaso mai yawa da dare take yi, a kan sanda. Ga numfashin kaji shida a ɗaki ɗaya har asuba. Idan wannan tururin bai sami mafita ba, sai ya taru a jikin kwano ya riƙa ɗigowa, shimfiɗa ta jiƙe, ƙwayoyin cuta su fara juya kashin zuwa amoniya, wato iskar nan mai yaji da ke sa ido hawaye. Amoniya idan ta kai kashi 25 cikin miliyan tana lalata hanyar numfashin kaza, daga nan kowace mura ta sami ƙofa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce kuma inda ƙwayar cutar kashin jini ke nuna ta zama mai kamawa. A ƙasashen ƙanƙara ma danshin ne ke sa tukkun kan kaza ya daskare, ba sanyin kaɗai ba.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: tagogin iska a sama suke, bisa kan kajin da ke barci. Iska mai ɗumi da danshi sama take tashi, amoniya ma ta fi iska rashin nauyi. A bangon da ya fi gajarta, a bar santimita 25 na sama a buɗe. A mai tsawo a bar santimita 50. Wannan ya haura murabba'in mita 0.6 da ake so wa kaji shida, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita ga kowace kaza. Iska za ta shiga ta gajeren gefe, ta bi ƙarƙashin rufi, ta fita ta dogon. Waɗannan tagogin ba a rufe su ko da sanyi. Bakin tagar na ƙasa ya fi sandar kwana tsayi da santimita 45, don iskar ta wuce ta saman kawunansu.

A wuri mai zafi wannan bai isa ba. A ƙara manyan tagogi a bango biyu masu fuskantar juna, ko ma bangon da ke kallon farfajiya ya zama raga gaba ɗaya, a tanadi labulen buhu ko murfin katako da za a sauke ranar iska mai ƙarfi ko ruwa. Gwajin kuwa hanci ne: da sassafe kafin a buɗe wa kaji, a sunkuya a sa fuska daidai tsayin kaza. In ido ya yi yaji ko an ga raɓa a jikin kwano, a ƙara taga.

Raga

Ragar nan mai ido mai kusurwa shida da ake kira ragar kaji, aikinta hana kaza fita ne kawai. Wayarta siririya ce, kare yana yaga ta, tsatsa na cinye ta da wuri, kuma idonta ya ishi ƙaramin maciji da ɓera wucewa. Wadda ake so ita ce ragar da aka yi wa walda, mai ido murabba'i na milimita 12 ko 13, wayarta mai kaurin kusan milimita ɗaya, mai rufin da ke hana tsatsa. Ta fi tsada, kuma a ganinmu in za a rage kuɗi a wani wuri to a rage a fenti da ado, a bar raga. Ɓera yana bi ta kafar santimita biyu, ɗan ƙaraminsa ma ta ƙasa da santimita ɗaya, maciji kuma duk inda kansa ya shiga jikinsa zai bi. Ƙaramin ido yana kuma hana 'yan tsuntsaye shiga cin abinci, waɗanda ke iya kawo murar tsuntsaye da ƙwari.

Wannan ginin zai ci kusan murabba'in mita 35 idan aka haɗa bango da tagogi da ƙarƙashin ɗaki da abin da za a shimfiɗa a ƙasa, ke nan naɗi ɗaya mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 30. Dalilin jera ginshiƙai a tazarar mita 1.2 ke nan: kowane yanki zai sauko daga sama zuwa ƙasa, bakinsa ya faɗa a kan katako. Ragar ta kasance ta wajen ginshiƙi, saboda dabba turowa take yi daga waje. Kada a dogara da ƙananan ƙusoshi masu baki biyu kaɗai, suna zarewa. A ɗaure da sukuru mai washa, wato ɗan faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, kowane santimita 15 zuwa 20, ko a danne bakin ragar da siririn katako a bi shi da sukuru. Inda dole raga biyu su haɗu a sarari, ɗaya ta hau ɗaya da santimita 5, a ɗinke da waya.

Masu tono su ne suka fi wahala: kare, dila, gafiya. Ana iya binne raga a tsaye zurfin santimita 30, amma akwai hanyar da ta fi sauƙi kuma ta fi aiki. A shimfiɗa raga mai faɗin rabin mita a kwance a ƙasa, kewaye da ginin ta waje, a ɗinke bakinta na ciki da ƙasan ragar bango, a kafe ta da turakun ƙarfe, a rufe da ƙasa ko tsakuwa santimita 5. Dabba a gindin bango take fara tono, sai ta ci karo da waya, kuma ba ta da dabarar ja da baya rabin mita ta sake gwadawa. A kula da kusurwoyi huɗu, nan ake mantawa a bar gurbi ba raga.

Sauran kafofin su ne ƙarƙashin tudun kwano inda ya haɗu da katako, da tsakanin ƙyaure da dogaransa, da ƙasan ƙofa. A cusa raga a na farko, a buga siririn katako a bayan ƙyaure ya rufe na biyu, a yi wa na uku dokin ƙofa na bulo ko kankare. Doguwar ƙofa tana son hinji uku da sakata biyu, sama da ƙasa, don sakata ɗaya a tsakiya tana barin kusurwar ƙasa ta buɗe idan an ja. Katako ɗaya da aka gicciya daga kusurwar ƙasa ta wajen hinji zuwa kusurwar sama ta wajen sakata shi ke hana ƙyaure zubewa.

Cikin ɗaki

Sandar kwana guda ɗaya mai bin faɗin mita 1.8 tana ba kowace kaza kusan santimita 30. A yi ta da katako mai faɗin santimita 5 ko fiye, a goge kaifin gefunansa. Bututun ƙarfe ko na roba bai dace ba, yana da santsi, kuma siririyar sanda tana gajiyar da yatsu. Ta tashi santimita 50 daga daɓe, ta nisanci bango da santimita 35 don jela ta sami wuri. Manyan kaji idan suna dirowa daga sama sosai kan daɓe mai tauri, tafin ƙafarsu na fashewa ya kumbura ya yi ƙurji. Kada a kafe sandar da ƙusa. A yi mata mazauni da za a ɗaga ta a cire. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari, jajaye idan sun sha jini, da ke ɓuya a tsagar katako da rana su fito da dare su hau kaji. A cikin mako guda suke girma daga ƙwai har su yi nasu ƙwan, kuma ƙarshen sanda ne maɓoyarsu ta farko. In kaji suka fara ƙin shiga ɗaki da magariba, a cire sandar a shafa farin ƙyalle a ƙasanta a duba ko akwai jan tabo. Saboda su ne ake son cikin ɗaki ya zama sumul, a toshe tsagogi, a shafe da farar ƙasa ko fenti. A ƙarƙashin sandar a ajiye farantin kwano mai faɗin santimita 50 da za a zaro kowace safiya a kankare.

Gurbin ƙwai biyu sun ishi kaji shida, tunda ana lissafa ɗaya ga huɗu ko biyar, kuma duk da haka za ka tarar suna layi a kan guda. Kowanne ya yi santimita 30 zuwa 35 ta kowace fuska, da ɗan katako mai santimita 10 a baki don tare shimfiɗa da ƙwai. Sharaɗi ɗaya ne ba a karya shi: gurbi ya kasance ƙasa da sandar kwana. Kaza wuri mafi tsayi take nema ta kwana, in gurbin ne ya fi tsayi a ciki za ta kwana ta cika shi da kashi. Santimita 15 zuwa 20 daga daɓe ya yi, a gefen da ya fi duhu. In an rataya shi ta waje don a ɗauki ƙwai ba sai an shiga ba, haɗin murfinsa da bango ne ke yoyo, sai a rufe shi da yankin robar tayar mota ta ciki ko lanƙwasasshen kwano, a kuma sa masa sakata.

Ƙofar kaji santimita 30 a faɗi, 35 a tsayi, a ɗaga bakinta santimita 12 daga daɓe don kada shimfiɗa ta zube. Tsanin da ke sauka farfajiya falanki ne mai faɗin santimita 25 da tsawon mita 1.2 zuwa 1.4, a buga masa 'yan sanduna kowane santimita 8 zuwa 10. Bangon ƙarshe na waje kuwa a mai da shi ƙyaure biyu masu buɗewa gaba ɗaya, da falankin da ake zarewa a ƙasa, yadda za a kara baro a baki a jawo shara kai tsaye.

Shimfiɗa, ruwa da abinci

A daɓe a zuba askin katako ko ɓuntun shinkafa kaurin santimita 8 zuwa 10. Garin katako mai laushi yana tayar da ƙura, 'yan tsaki kuma suna cinsa. Duk abin da ya yi fumfuna kada ya shiga, yana kama huhu. A damƙi shimfiɗar a hannu: in ta dunƙule ta ƙi wargajewa ta jiƙe, a kwashe. A farfajiya yashi mai tsakuwa-tsakuwa ya fi, yana tsane ruwa, ana kuma tace kashi daga cikinsa. A ware wata busasshiyar kusurwa a ajiye akwati mai santimita 60 da 60, zurfin 20, da yashi da ɗan tokar itace, don birgima. Da ita suke kakkaɓe ƙwarƙwata.

Ruwa da abinci a farfajiya ake ajiye su, cikin inuwa, a rataye daidai tsayin bayan kaza. Ruwan da aka sa a ɗakin kwana zubewa yake yi ya jiƙa shimfiɗa, kuma kaji ba sa sha cikin duhu. Kowace tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, tana shan kusan ninki biyu na hakan, a zafi kuma fiye sosai, don haka mazubin lita biyar shi ne mafi ƙanƙanta ga shida. Mazubi biyu a wurare daban sun fi ɗaya babba, don akwai kazar da ke tsare wuri ta hana na ƙasa da ita. Buhun abinci a durom na ƙarfe mai murfi yake zama, ragowar da ta zube kuma a share kafin dare.

Kafin a zuba kaji

A bi ƙasa da maganaɗisu a tsince guntayen waya da ƙusa, domin kaza tana haɗiye duk abin da ke ƙyalli. A bar fenti ya bushe har warinsa ya tafi. Da dare a kunna fitila a cikin ɗakin kwana, a rufe, a zagaya ta waje: duk inda haske ya fito ban da tagogi, kafa ce. A watsa bokitin ruwa a kan rufi da murfin gurbi a duba ciki.

Sababbin kaji a tsare su cikin akurkin kwana uku zuwa bakwai kafin a fara sakinsu, don su san nan ne gida. Wadda ta kwanta a ƙasa, a ɗauke ta bayan duhu a ɗora a sanda, dare biyu ko uku za ta koya. Ƙwan roba ko dutse mai siffar ƙwai a gurbi yana nuna musu inda ake so su yi. Kazar da aka sayo daga baya kuma kada ta shiga cikinsu kai tsaye, a ajiye ta a keji daban, nesa da su, mako biyu zuwa huɗu ana duba numfashinta da kashinta da ƙarƙashin fukafukanta. Bayan wata guda a sake bin sukurori da sakatu a ɗaure, saboda sabon katako yana bushewa ya ja jiki, ƙyauren da ya rufe ruf ranar farko sai a tarar ya bar tsagar da yatsa zai shiga.